Karafan ɗin da Ya Ruɓe a Garin da Ba a Ruwa

Ranar da na fita daga takaba, kafin in je gaishe da kowa, sai da na sauka na duba karafan ɗin. Yana nan inda maigidana ya bar shi, a wani filin da ba a gina ba a ƙarshen layinmu na unguwar Hayyus Sabi'. Karafan ɗaki ne a kan taya, ana maƙala shi a bayan mota ta ja shi. Namu tsoho ne, fari mai ratsin shuɗi. Na zaci zan tarar da shi ya yi butu-butu, don a Alkahira ko takalmi ka bari a baranda da launin ƙasa zai wayi gari. Sai na tarar yana ƙyalli.

Sayis ɗin layin, wato mai gadin motoci da wanke su, yana tsaye kusa da shi da tiyo a hannu. Dattijo ne ɗan Masar, mai ƙaton ciki da babbar murya. Ya yi mini ta'aziyya, sannan ya buga gefen karafan ɗin da tafin hannu.

"Dubi, ya Hajja. Kullum da safe, daga sama har ƙasa. Ko motar likitan nan ba na yi mata haka."

Na gode masa. Na sa makulli, ƙofar ta ƙi buɗuwa sai da na ja da hannu biyu, domin ta kumbura. Warin da ya fito irin na rijiyar da aka daɗe ba a yashe ba ne. Na yi bisimilla na taka ciki, ƙafata ta nutse a daɓen har idon sawu.

Wannan ne shigata ta farko. Maigidana karatu ya kawo shi Masar, karatun ya ƙare bai koma ba. Sana'arsa raka marasa lafiyar da ke zuwa daga gida, ya kai su asibiti, ya yi musu tafinta. Ni kuma ina tuƙa tuwo ina sayar wa ɗalibai da majinyatan da cikinsu ya gaji da wake da taliya. Wata rana ya dawo daga Giza ya ce in sauko in gani. Wata mota ta jawo wannan abu, ya saye shi a hannun wani da ya gaji da shi. Mu ko mota ba mu da ita. Na tambaye shi me zai ja masa shi, jaki? Ya ce mota ai ana haya. Ya ce shekara da shekaru muna ƙasar nan ni ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi, shi kuma ya gaji da warin asibiti. Na ce ni ban roƙi kowa teku ba, kuma ƙafata ba za ta taka abin ba. Daga nan duk la'asar ɗin da ba shi da majinyaci yana can da zarto da guduma, ni ina sama da fushina.

A cikin motar haya ya rasu, yana dawowa daga asibiti. An ce zuciya ce. Iyakar abin da zan faɗa ke nan a kan wannan.

Da dattawan mutanenmu suka zauna raba ɗan abin da ya bari, na aika musu daga ɗaki cewa a sa karafan ɗin a rabona. An ce ƙaninsa ya yi dariya. Shi yana nan Alkahira yana aika abaya da jallabiya gida. A da akwai wasa tsakaninmu, yana ce mini matar Yaya, ina ce masa ɗan auta, kuma ba a mako bai ci tuwona ba. Shi aka ba makulli na biyu ya riƙa dubawa har in fita.

Ina tsaye da ƙafa a cikin rami na ɗaga kai. Silin ɗin ya yi baƙi kewaye da 'yar tagar da ke saman rufin. Katifa ta jiƙe sharkaf, funfuna ta hau bango. Sai na tuna wata magana da marigayi ya yi muna cin abinci, ana saura kwanaki ya rasu. Ya ce ya ɓare tsohon danƙon da ke toshe gaɓoɓin rufin, ya rufa tamfol kafin ya samo sabo. Na fito wurin sayis, na kira shi Amm, wato Baffa, yadda ake kiran dattijo a nan.

"Ya Amm, ina tamfol ɗin da ke kan rufin?"

"Wannan tsumman? Na cire. Ɗan'uwan marigayi ne ya ce yana ɓata masa kyau, masu saye suna zuwa gani."

"Waɗanne masu saye?"

Ya kalli tiyonsa.

"Kuma kullum kana sakar masa ruwa ta sama?"

"To ta ina ake wanke mota, ya Hajja? Ta ƙasa?"

"Wannan ba mota ba ce. Cikinsa katako ne, rufin kuma a buɗe yake."

"Ya sitti, uwargida, nan Alkahira ce. Ba a ruwa. Wa ke duba rufi?"

"Ba a ruwa, amma kai kaɗai ka yi masa damina guda."

Ya leƙa ciki, ya toshe hanci, ya buɗe hannuwa ya ce, "Ma'alish." Kalmar nan ita suke faɗa in sun taka maka ƙafa, ita suke faɗa in sun rusa maka gida. Na ce ya riƙe ma'alish ɗinsa ya wanke mota da ita. Na faɗa da ƙarfi, mazan da ke zaune a wurin mai shayi suka ji, wasu suka yi dariya. Daga ranar bai sake gaishe ni ba.

A garinmu ko yaro ya san abin da ke kashe ɗaki daga sama yake zuwa. A nan ƙura ce abokiyar gaba, maganinta kuwa ruwa, ba wanda ya taɓa tunanin ruwa zai ɓata wani abu. Na san haka, amma sanin bai rage mini komai ba.

Kashegari da la'asar ƙanin maigidana ya zo. Na zuba masa tuwo kamar kullum. Ya yi loma biyu ya ce, "Matar Yaya, tunda kin fita, sai mu yi maganar motar nan taki marar inji."

"Kana da makulli. Ka taɓa buɗe shi?"

"Me zan buɗe? Kayan marigayi ne, zuciyata ba za ta ɗauka ba."

"Amma ta ɗauki kawo masu saye."

"Taimakonki nake yi. Mai filin zai fara gini, ya ce kafin ƙarshen wata a kwashe komai. Ba ki da mota. Ba ki iya tuƙi ba. Ina za ki kai shi, saman bene? Akwai ɗan kwangilar da ke so ya sa wa maigadinsa. In kin ƙi, 'yan bikya ne za su yanka shi gunduwa-gunduwa."

'Yan bikya su ne masu bin layi da amalanke suna sayen tsofaffin kaya. Duk abin da ya lissafa gaskiya ne, shi ya sa na fi jin haushinsa.

"Ki sayar ki koma gida," ya ce. "Me ya rage miki a Masar?"

Na ɗauke kwanon bai gama ba. Ban taɓa yi wa wani haka ba a rayuwata. Ya zauna da hannu a sama, miya na ɗiga, sannan ya tashi ya wanke ya fita ba sallama.

To abin ya tsaya a nan: kafin ƙarshen wata karafan ɗin ya tashi a kan ƙafafunsa ya bar filin, ko kuma in rasa shi. Wurin ajiyewa na samu da wuri. Akwai wata Hajiya, Bahaushiyar Sudan, a unguwar Arba wa Nus, wadda nake sayen busasshiyar kuɓewa a wurinta. Tana da fili mai katanga a bayan ɗakunanta. Ta ce, "Kawo shi, 'yar'uwa, in dai zai shiga ƙofa." Ba ta tambaye ni me zan yi da shi ba. Ita kaɗai ce ba ta tambaya ba.

Na fara da abin da na sani. Na jawo katifar waje, na buɗe tagogi, na kawo kasko da garwashi na zuba turaren wuta. Ɗakin da ya yi wari turare ake sa masa, haka na taso na gani. Ana cikin haka mai gyaran da na aika a kira ya iso, wani usta, wato gwanin sana'a, mai walda a bayan layinmu, yana tauna 'ya'yan kabewa yana tofar da ɓawon. Ya leƙa, ya ga kaskon, ya ga tukunyar gas a ƙarƙashin kabad kusa da shi. Ya sa ƙafa ya shuro kaskon waje, garwashi ya watse a ƙasa.

"Kina so ki tashi layin gaba ɗaya? Ina namijin gidan? Da shi zan yi magana."

"Yana maƙabarta. Da ni za ka yi."

Ya shiga da takalminsa, ya hau gadon da marigayi ya haɗa, ya danna silin. Ya soka sukundireba a daɓen, ta shige kamar a dafaffen dankali. Ya zagaya waje yana shurin tayoyi. Ya ce rana ta tsattsage su, boris ya bushe ba giris, ƙugiyar da ake maƙala wa mota ta yi tsatsa. Ciki kuwa daɓe da gado da kabad duk sai sun fita, in ba haka ba ruɓar za ta ci har ƙarfe. Sannan ya rage murya ya ce shi don tausayi zai iya karɓar abin a hannuna yadda yake. Na lura duk wanda ya ce abin ba shi da amfani, so yake ya ɗauka.

Na ce ya yi aikin ƙarfe da taya, ya buga sabon daɓe. Fitar da katakon ni zan yi. Ya yi dariya ya tofar da ɓawo a bakin ƙofar. Na ce ya ɗauke. Ya dube ni na ɗan lokaci, ya ture shi da ƙafa.

Da safe ina tuƙa tuwon mutane, bayan azahar in sauka da gudumar marigayi. Bai iya aikin katako ba, Allah ya jiƙansa. Inda ƙusa ɗaya za ta isa ya buga uku, biyu a lanƙwashe. Gadon ya fita da sauƙi, rabi ma da hannu na ɓare. Kabad ɗin ne ya tsayar da ni. Na miƙa hannu zan cire kanta ta sama, sai na ga na kai ba tare da ɗage ba. Ni gajera ce. A gidanmu na sama duk kantocin kicin sun fi ƙarfina, da kujera nake ɗauko gishiri, shekara nawa ina mita. A saman kabad ɗin kuma ya yanke wani rami zagayayye. Na daɗe ina kallonsa. Na hau sama na ɗauko tukunyar tuwona, na saka, ta zauna daram, ko motsi ba ta yi. Don kada ta faɗi a hanya ya yi shi. Wato ya shiga kicin ɗina ya auna tukunyar a kwanakin da ko amsa masa maganar ba na yi.

Katakon ya yi baƙi, in ka danna ruwa ke fitowa. Babu yadda za a cece shi. Na zauna a bakin ƙofa ina jin haushin sayis, da na ƙanin, da na mai filin. Shi ma marigayin na ji haushinsa, da ya ɓare rufi ya tafi ya bar shi a buɗe. Daga wurin mai shayi wani ya ɗaga murya ya ce ko Hajja ta gaji a kawo mata shayi. Na tashi. Na ɗora tsohon katakon a kan sabon da usta ya kawo, na bi ramin da fensir na zana, sannan na sa guduma. Da na fitar da tarkacen, ɗan bikya ya tsaya da amalankensa, ya juya su da ƙafa, ya wuce. Ko shi bai so ba.

Usta ya buga daɓen ina tsaye a kansa. Ya ce bai taɓa aiki mace na ƙirga masa numfashi ba. Na ce yau ya fara. Da ya kwance ƙafafun na sa ya nuna mini yadda ake cusa giris a boris, na yi na ɗaya gefen da hannuna. Ya so ya maida tsohuwar taya ɗaya, wai da sauranta. Na sa farce a tsagar na nuna masa, ya yi tsaki ya canza.

Rufin ni na hau. Na ari tsani a shagon fenti, na ɗaure hijabina a ƙugu, na kankare gaɓoɓin da wuƙar kicin har ƙarfe ya fito, na matsa sabon danƙo ina bi da yatsa. Layin gaba ɗaya ya samu abin kallo. Wata mata ta leƙo daga baranda ta tambayi maƙwabciyarta ko 'yan Afirka haka suke zaman makoki. Na ji, ban ɗaga kai ba. Ban san a wace nahiya take zaton tana tsaye ba.

Da danƙon ya bushe na yi abin da mahaifina ke yi wa soronmu kafin damina. Na hau da buta ina zuba ruwa kaɗan-kaɗan a kan gaɓa ɗaya, in sauko in shiga in shafa silin, in sake hawa in zuba a ta gaba. Ruwa ba ya fitowa ta inda ya shiga, sai ka bi shi. Sayis ya zo ya tsaya a gindin tsanin, hannu a baya.

"Allah, Allah! Wato ruwanki halal, nawa haram?"

"Nawa ina bin sa in ga inda ya tafi."

"Ki bi shi har Sudan," ya ce, ya koma kujerarsa.

Kusurwa ɗaya ta baya ta yi yoyo. Na kankare na sake.

Ranar tashi na yi hayar wani mai a-kori-kura da ke da ƙugiya a baya. Da na sauko da hantsi na tarar da ƙanin maigidana a filin, tare da ɗan kwangilar da janwe. Ban tambayi wanda ya gaya masa ranar ba, sayis na zaune yana kurɓar shayi yana kallon sama. A bakin filin kuma motoci uku ne a jere sun toshe hanya. A layukanmu wuri ya yi kaɗan, don haka masu motoci kan bar su ba giya ba birkin hannu, in wani zai fita sayis ya tura su gaba ko baya. Aikinsa ne, kullum yana yi.

"Ya Amm, a tura motocin nan."

"Bayana ke ciwo, ya Hajja. Tun da na daina wanki ya riƙe."

Ƙanin ya matso ya yi magana da Hausa ƙasa-ƙasa. "Matar Yaya, kada ki tara mana mutane. Ga mutumin nan ya zo da janwensa, a gama kawai. Me kike so a ce a gida?"

"Ka ce musu an ba ka makulli ka sa a aljihu."

"Wallahi da Yaya yana nan..."

"Kada ka sa bakinsa. Ba ni makullin."

Ya ciro shi ya jefar a ƙasa tsakaninmu. Na sunkuya na ɗauka, na goge da bakin hijabi. Mai a-kori-kura yana ta danna ham yana cewa, "Yalla ya Hajja, ina da wani aikin."

Na je bayan motar farko na sa hannu biyu. Na zaci ba za ta motsa ba, sai ta tafi sumul. Ta biyu ta fi nauyi, sai da na sa kafaɗa, takalmina na zamewa a yashi. Ba wanda ya taso. Ta uku ita ce ta likita, baƙa, mai ƙyalli. Layin yana da ɗan gangare a wurin, ina turawa ta kama hanyar turken lantarki da kanta. Sayis ya yi wurgi da kofin shayi, ya zo da gudu yana ihu, ya rungume gabanta da cikinsa ya tsayar da ita. Ciwon bayan ya warke. Ya zage ni, ya zagi karafan ɗin, ya tura motar gefe da kansa don kada in sake taɓa ta.

Direba ya ja da baya, aka saukar da ƙugiya, ta kama. Na sa ya taka birki na zagaya na ga fitilun sun kawo. Ɗan kwangilar ya juya kan ƙanin yana tambayar wa zai ɗauki asarar janwen da ya kira. Na bar su suna yi. Na shiga gaba, motar ta ja, karafan ɗin ya yi wata ƙara ya biyo mu. Har muka kai Arba wa Nus wuyana a juye yake. Da ƙyar ya shiga ƙofar Hajiya, sai da katanga ta karce ratsin shuɗin.

Ƙanin bai sake taka gidana ba. An gaya mini ana cewa a gida Masar ta ɓata ni. Sayis yana kau da kai in na wuce, ni ma haka. A filin yanzu bene ne ke tashi.

Ranar Juma'a in na sallami masu tuwo nakan je. In danna tayoyi, in bi gaɓoɓin rufi da babban yatsa, in goge jikinsa da ɗanyen tsumma, in maida tamfol in ɗaure da kaina. Hajiya ta taɓa cewa bari ta watsa masa ruwa ya yi haske, na amsa mata da muryar da sai da na ba ta haƙuri. Ban sake haɗa gado ba. Kabad ɗin kawai na sa aka yi, a tsayina, da ramin tukunya. Teku kuwa har yanzu ban gani ba.

Da sanyin bara aka yi ruwa a Alkahira, irin wanda kan zo sau ɗaya ya cika tituna. Ina tsakiyar tuƙi na sauke tukunya, na nemi mota, na isa a jiƙe. Na buɗe na shiga, na shafa silin kewaye da 'yar tagar, na shafa kusurwar baya. A bushe suke. Na zauna a daɓen ina jin ruwa na dukan tamfol har ya ɗauke. Tuwon ranar ya yi gudaji, ɗalibai suka yi ta mita.